Baƙin Bangon Kawu

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi ake komawa, kowa da safiyarsa. Ta Kawu ta zo a tsakiyar bazara, ranar kasuwar Maigatari. Ya sha kokonsa, ya ce da Inna kansa ya yi masa nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa kafin ya buɗe shago. Bai buɗe ba.

A littattafan soyayyar da na tashi ina karantawa, idan aka yi rasuwa yarinya takan yanke jiki ta faɗi, a yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo tana kiran sunan mamaci, hawaye na bin kumatunta. Na daɗe ina zaton haka zan yi ranar da na rasa nawa. Da aka aiko makarantar firamaren da nake koyarwa aka faɗa mini, sai na ga na ƙarasa goge allo tukuna, na tattara guntayen alli na zuba a jaka kamar kullum, sannan na taho gida a ƙafa. Har yau ban yi kukan da ya kamata ba. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta: ina taɓawa, na san tawa ce, amma ba na jin komai.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ban iya ɗaura zani ba, a gidansa na Gumel da ke bayan tasha, kuma matarsa nake kira Inna. Tsohon mai buga tafireta ne a ofishin gwamnati. Da ya yi ritaya sai ya mai da zauren gidan shago, yana buga wa mutane takardu, yana koya wa samari bugu.

An yi jama'a. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo da manyan riguna, suna ta faɗin yadda yatsunsa ke sauka a kan tafireta kamar ruwan farko a kan kwano. Mata a tsakar gida suna cewa bai taɓa ɗaga wa Inna murya ba, wanda ba gaskiya ba ne, amma ranar ba ta gyaran magana ba ce. Direbobin tasha sun bar motocinsu da lodi a ciki sun bi gawa. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko ta Nijar, daga Damagaram, wanda kowa ke kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya iso a saman kamiyon, babbar motar buhuna, bayan an dawo daga maƙabarta, ya tsuguna yana ta cewa, "Wallahi ban samu labari da wuri ba, wallahi," kamar wani ya tuhume shi. Maƙwabcinmu Baba Akawu, Kirista mutumin Filato, ya zauna a gefen tabarma tun ranar farko har aka tashi zaman makoki, hularsa a kan gwiwa. Idan aka ɗaga hannu ana addu'a sai ya sunkuyar da kai.

Ni aikina miƙa ruwa da kwanukan abinci ta ƙofar shago, kuma daga nan na lura da wani abu. Duk wanda ya zo daga nesa ba ya fara zuwa tabarma. Sai ya tsaya a gaban bango tukuna, ya karanta, sannan ya tuna abin da ya kawo shi.

Bangon shagon ne na waje, ƙarƙashin rumfa. Kawu ya shafe shi da baƙin garin da ke cikin tsohon batir haɗe da ƙaro, ya koma allo tun daga tsayin gwiwa har inda hannun mutum ke kaiwa in ya taka benci. A jikinsa ake rubuta duk inda za a sami abin koyon kwamfuta a ƙasarmu: wa ke da littafi, wa ke da na'ura, wa ya iya kuma yake da haƙurin nunawa. A can sama, layin farko nasa ne: "Tafireta da kowace irin tambaya: a shigo, ina ciki."

Ranar sadakar uku Yaya Babba, ɗan farin Kawu da ke aiki a Kano, ya miƙe a gaban mutane ya ce, "Wannan rubutun Baba ne na ƙarshe. Na yi magana da kafinta, ranar da zan koma zai zo ya shafe bangon da man ƙyallin nan da suke shafa wa kujeru. Ko damina ta zo ba abin da zai same shi. Jikokinsa ma su gani."

Aka yi ta cewa madalla, Allah ya yi albarka. Ni ma daga bayan ƙofa na ce madalla, kuma har raina na faɗa, don irin abin da ake yi ke nan a littafi: a adana zoben masoyi, a riƙa ɗauko shi ana kallo. Sai da yamma, da na fito kwashe kwanuka, Baba Akawu ya ce da ni a hankali, "'Yata, kin san in aka shafa man nan alli ba zai ƙara kamawa ba?"

Na ce, "Ai shi ke nan, Baba, ba zai goge ba."

Ya ce, "Shi ne nake faɗa miki." Ya sa hularsa ya shige gida.

*

Bangon ya samo asali ne daga "ban sani ba". Kawu ba ya jin kunyar wannan magana, da ƙarfi yake faɗinta kamar mai sallama. Bayan an ba mu sabuwar jiha ofisoshi suka fara neman wanda ya iya kwamfuta, sai samarin da suka gama koyon tafireta a wurinsa suka dawo suna tambayar inda za su dosa. Ya ce bai sani ba. Suka sake dawowa, ya sake cewa bai sani ba. Rannan sai muka ga ya sa an tattaro masa matattun batiran rediyo daga unguwa, ya zauna yana fasa su da dutse, Inna na mita daga ciki cewa ita dai ba za ta wanke rigar nan ba. Da bangon ya bushe ya rubuta tambaya guda a tsakiyarsa: "Wa ya san inda ake koyon kwamfuta?"

Ta daɗe a wurin ita kaɗai. 'Yan tasha suna wucewa suna tsokanarsa: "Malam, an buɗe makaranta, ina ɗaliban?" Yakan ce, "Malamin ma ba a samu ba tukuna." Wanda ya fara amsawa wani direban Kano ne da bai yi boko ba. Ya faɗa, Kawu ya rubuta. Daga nan wani ya zo ya ƙara, wani ya gyara na wani, har wuri ya fara ƙaranci. Ni ce mai kawo alli, guntayen da suka yi wa yatsa kaɗan a aji.

Wanda ya karanta bangon ya ji muryar Kawu. "Littafin Besik, harshen da ake yi wa kwamfuta magana da shi: wajen malamin lissafi a Gagarawa. Gara ta ci shafukan farko, amma dama godiya ce a ciki." Can ƙasa kuma: "Mushe na Damagaram, rumfar masu goro ranar kasuwar Maigatari. Littafinsa da Faransanci ne, amma hoto ya fi magana yawa. Ba ya ba da aro, sai dai a zauna a gabansa." Akwai wata makarantar kuɗi a Kano da aka yi ta yabo, sai da wani saurayi ya je ya dawo sannan Kawu ya rubuta: "Ɗalibai kamar masallacin Juma'a, na'urori ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A je da haƙuri ko kada a je."

Kowa yana da ikon sa abu a bango, amma sai ya wuce tambaya guda. Kawu zai ɗaga alli, ya dube ka ta saman tabarau, ya ce, "Da idonka ka gani?" In ka ce an ce, sai ya mayar da allin aljihu. "An ce ba ya hawa bangona. Je ka gano, ka dawo, ina nan." Ya taɓa mayar da wani babban ma'aikaci haka, da motarsa da direbansa.

Sau ɗaya ya ba ni alli na rubuta. Na zauna na lanƙwasa baƙaƙen, na ja musu jela, na zana ɗan fure a ƙarshen layi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ke, wannan ai wasiƙar saurayi ce. Mai neman aiki ne zai karanta, ba mai neman aure ba." Ya lashi yatsa ya goge furen, ya bar sauran. Da na ce a sa inda ake samun hayar littattafaina na soyayya, cewa ya yi, "Waɗannan sun san hanyar gidajen mutane da kansu."

Shi kansa sau ɗaya tak ya taɓa kwamfuta. Baba Akawu ne ya kai shi ofishinsu. Ya wanke hannu, ya zauna, ya danna da ƙarfin da ya saba danna tafireta, harafi ɗaya ya ruga a guje ya cika gilashin. Ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Wannan ba ta son mai nauyin hannu. Ta yara ce." Bai ƙara ba. Ban taɓa jin ya yi baƙin cikin haka ba. Ya dai ce shi da tafiretarsa tare suka tsufa, kuma ba zai yi mata butulci ba.

Abin da mutane ba su faɗa a zaman makoki ba shi ne, Kawu ya fi gogewa a kan rubutawa. Tsumma na rataye a ƙusa a gefen ƙofa. In an yi wa malami canjin wurin aiki, in littafi ya tafi aro bai dawo ba, in na'ura ta mutu, da safe kafin ya cire wa tafireta mayafi zai jiƙa tsumman a randa ya share layin. Ba ya ko tsayawa ya sake karanta shi. Na taɓa ce masa, "Kawu, ba ka jin tausayi? Mutumin nan fa ya yi wa jama'a kirki."

Ya ce, "Kirkinsa yana wurin Allah, can ba a gogewa. Nan kuwa wani zai taso daga Gagarawa cikin ranar nan saboda layin da na bari."

A kan tsumman nan suka ɓata da Baba Akawu. Layinsa na cikin waɗanda aka fi karantawa, don da izinin maigidansa yana nuna wa samari kwamfutar ofis bayan an tashi aiki. Wata rana wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona ta. Washegari da safe Kawu ya goge layin. Ina shara a shago Baba Akawu ya fito zai tafi aiki, ya tsaya cak a gaban wurin, bai ma gama bushewa ba.

"Malam! Ko ɗan lokaci ba za ka ba ni ba? An ce za a kai ta Kano gyara!"

Kawu ya ce, "An ce."

"Ni ne fa! Tun yaushe muke katanga ɗaya da kai?"

"Kai ne. To kai za su danna?"

Baba Akawu ya ce da wata murya da ban san yana da ita ba, "A garin nan ba ni da gona, ba ni da kabarin kaka. Nan ne kaɗai inda aka rubuta ni."

Na ga hannun Kawu ya tafi aljihun alli, ya tsaya, ya dawo. Bai rubuta ba. Suka daɗe ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar da ba a kallon ido, ko da yake kwanon miya bai fasa tsallaka katanga tsakanin Inna da matarsa ba. Kwamfutar ba ta dawo daga Kano ba. Sai muka ji Baba Akawu ya zana madannanta a jikin kwali, yana tara samari a ƙofar gidansa suna danna kwalin, suna rubuta umarni a takarda yana dubawa. Kawu ya je ya tsaya a bayansu, hannu a baya, har aka tashi. Ya dawo ya rubuta: "Akawu maƙwabci, ƙofar gidansa bayan la'asar. Ba kwamfuta, sai KWALI. Amma ya iya, kuma ba ya tsawa."

Baba Akawu ya zo ya karanta. "Ka rubuta kwali da manyan baƙaƙe don ka ci mini fuska."

"Don kada a ce ban faɗa ba."

"Tsoho mai taurin kai." Ya zauna a benci, ya miƙa hannu, Kawu ya ɓantaro masa goro.

Akwai wata ma'aikaciyar allurar rigakafi a Sule Tankarkar, matar aure da 'ya'yanta. Mu muna ce mata Anti, ita tana ce wa Kawu Baba. Ba ta taɓa zama a gaban kwamfuta ba. Littafin Gagarawa ta ara ta kwafe da hannu, ta fara rubuta furogiram, wato jerin umarnin da kwamfuta za ta bi, a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Takan ba ɗan acaɓa ya kawo wa Kawu, Kawu ya ba direba, direba ya kai wa wani ɗalibin jami'a a Kano wanda shi ma yana jikin bangon. Ɗalibin ya shigar, ya rubuto abin da na'ura ta ce, takarda ta biyo hanyar da ta bi. Kullum amsar ɗaya ce: kuskure a layi kaza. Kafin Kawu ya mayar mata sai ya zura takardar a tafireta ya ƙara a ƙasa: "Ta ce saura kaɗan."

Na ce, "Kawu, yaushe ta ce? Ai wannan ko an ce bai kai ba."

Ya ce, "Wannan ba bango ba ne. Wannan tsakanina da 'yata ne. Je ki ɗora mini ruwan shayi."

Abin da take so shi ne a faɗa wa kwamfuta ranar haihuwar jariri, ita kuma ta jero ranakun allurarsa. Ranar da takarda ta dawo ba kuskure, da ranakun a jere kamar yadda na'ura ta buga su, Kawu bai ba ɗan acaɓa ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya naɗe takardar a leda, ya hau bayan babur, shi da yake cewa duk abin da ba ya iya tsayuwa da kansa ba abin hawa ba ne. Ya dawo da ciwon baya da ƙwaryar ƙwan zabi, yana ta ba Inna labarin yadda Anti ta yi guɗa har maƙwabta suka zaci haihuwa aka yi.

*

Ana gobe Yaya zai koma, an riga an naɗe tabarmi, ina cikin shago ina zaune a gaban tafireta ba abin da nake yi. Na ji babur ya tsaya. Na ji murya tana karanta bango a fili, layi bayan layi, kamar yadda ta saba. Sannan aka buga ƙofa da murna.

"Salamu alaikum! Baba, 'yarka ce ta Sule Tankarkar! Na zo da sabon ciwon kai!"

Na buɗe. Anti ta leƙa ta bayana tana neman kujerarsa. "Ya shiga cikin gida ne?"

Na faɗa mata, da irin muryar da ake faɗa wa mutum ƙarfe nawa. Ashe tana can rugagen bakin iyaka suna zagayen allura, labari bai kai mata ba. Ta zauna a ƙasa, a nan bakin ƙofa, littafinta a cinya. Ta ɗaga hannu ta nuna saman bangon. "Amma ga shi an rubuta..." Ba ta ƙarasa ba. Ta yi kukan da ni na kasa, ni kuma na kawo mata ruwa a moɗa, na tsaya ina kallon ƙusa. Tsumman na nan, ya bushe ya ƙandare da siffar yadda ya rataye shi.

Da safe, bayan an karya, na ji kafinta yana sallama da gwangwaninsa da burushi, an ce ya jira Yaya ya gama shiri. Na fito ta shago. Na cire tsumman, na tsoma shi a randa, na jira ya yi laushi. Na ja benci na taka. Daga kusa rubutun Kawu ya fi girma, ana ganin inda allin ya karye ya ɗora daga nan. Na karanta sau ɗaya, abin da shi ba ya yi. Sannan na goge, daga "tafireta" har "ina ciki".

"Ke! Ke! Me kike yi?"

Yaya ne, da jakarsa a hannu. Ban sauko ba. Na ce, "Ba ya ciki, Yaya."

"Wa ya ce miki yana ciki? Akwai wanda bai san Baba ya rasu ba?"

"Jiya an zo an buga ƙofa."

"Sai ki goge hannun ubana? Wa ya ba ki izini? Ke 'yar cin arziki, da ko allura ba ki da ita a gidan nan!"

Ni da Yaya taubasai ne. Tun ina yarinya yake kirana 'yar cin arziki, in ce masa mai kan tulu, a yi dariya, Kawu ya ce mu tafi can da shirmenmu. Ranar ya faɗe ta ba dariya. Ruwan tsumma yana bin hannuna, baƙi, yana shiga hannun rigata. Baba Akawu ya fito ƙofar gidansa ya tsaya. Kafinta ya sunkuyar da kai yana karanta jikin gwangwaninsa.

Sai muka ji Inna daga bayan ƙofar shago. Tana takaba, ba ta fitowa, kuma Yaya ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Da ni ta yi, ko da ƙofar.

"A gaya wa mutumin Kano, ni na wanke baƙin nan daga rigunan ubansa har hannuna ya saba. Bai taɓa barin abin da ba haka ba ya kwana a bangon nan. In hannunsa ake so, ga takardunsa nan cike da akwati, a ɗauka a tafi da su. Bango kuwa na masu zuwa ne."

Can kafinta ya yi gyaran murya. "To, Alhaji, a shafa ko kada a shafa?"

Yaya ya dubi bangon, ya dubi wurin da na goge, wanda ya fara bushewa daga gefe. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Shafa wa bencin." Ya saɓa jakarsa ya nufi tasha. Ya yi wa Baba Akawu sallama, ya yi wa kafinta. Ni bai dube ni ba.

Ya zo sadakar arba'in, mun gaisa kamar mutanen da suka haɗu a mota. Da Sallah ya aiko wa kowa da atamfa, har da ni, amma ba tare da saƙon tsokanar da ya saba haɗowa ba. Ban san ko zai sake kirana da sunan nan yana dariya ba. Ba na ganin laifinsa. Ubansa ne, kuma abin da na goge ba ya dawowa.

Saman bangon har yanzu ba komai. Ba wanda ya ce a bar shi, ba wanda ya taka benci ya rubuta. Amma ƙasa tana motsi. Anti ta sa layinta da hannunta. Baba Akawu yana zama a rumfar bayan la'asar, ni ina fitowa da safe kafin in tafi makaranta. Mushe ya koma Damagaram da littafinsa, na goge shi. Malamin lissafi ya bar Gagarawa, na goge shi. Duk layin da na share na Kawu ne, duk wanda ya hau na wani hannun ne. Na daina ƙirga nawa suka rage da rubutunsa, amma ina gani suna ƙaranci, kuma na san akwai safiyar da zan jiƙa tsumma saboda na ƙarshe. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan a takarda, inda ba aikina ba ne in goge.

Allah, ga bawanka nan ya zo maka, tsoho mai tabarau da baƙi a hannun riga. Ya nuna wa mutane hanyar abin da shi bai samu ba. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya shi fiye da inuwar rumfarsa. Ka ba Inna haƙuri, ka sanyaya zuciyar Yaya. Ni kuma, in kukan nan yana nan tafe, ka sa ya same ni a cikin gida, ba a kan benci ba.